Allan Cormack: Malamin da ya fara neman a auna cikin jiki kafin a gasa ciwon daji

A cikin 'yan bokonmu na Arewa da wuya a sami wanda bai taɓa jin likita ya ce a je a yi siti-sikan ba, ko dai shi kansa aka rubuta wa, ko mahaifi, ko kuwa wani ɗan uwa da ya bugu a ka sakamakon hatsarin mota. Mun san tsadar hoton, mun san layin da ake bi kafin a samu, amma da wuya mai karatu ya gamu da wanda zai iya ambata sunan mutumin da ya fara zama ya yi lissafin da wannan na'ura take aiki da shi. Sunansa Allan MacLeod Cormack, kuma a nahiyarmu ta Afirka aka haife shi. Ni malamin harshe ne, ba likita ba, amma na ga ya dace in kawo tarihinsa a wannan fili domin tambayar da ta dame shi a shekarar 1956 ita ce tambayar da ta kamata ta dame mu a yau, lokacin da gwamnatocinmu ke ta buɗe cibiyoyin maganin ciwon daji. Tambayar kuwa ita ce: idan za a haska wa majinyaci haske mai ƙuna domin kashe ƙarin da ke cikin jikinsa, ta yaya za a tabbatar cewa awon ya yi daidai?

An haifi Cormack ranar 23 ga watan Fabrairu, 1924, a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Shi ne auta a cikin 'ya'ya uku. Iyayensa daga arewacin Sukotilan suka yi ƙaura. Mahaifinsa injiniya ne a ma'aikatar gidan waya, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta. Mahaifin ya rasu a 1936, yaron yana da shekara 12, daga nan iyalin suka zauna a Cape Town, inda ya yi sakandare a makarantar maza ta Rondebosch. A can ya shiga ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo, amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne ilmin taurari, wanda ta dalilinsa ne ya ƙaunaci lissafi da kimiyyar fiziks. Da ya shiga Jami'ar Cape Town sai ya bi sawun mahaifinsa ya fara karatun injiniyan lantarki, domin a wancan zamani kallon taurari ba sana'ar da za ta ciyar da mutum ba ce. Bayan shekara biyu ya sauya sheƙa zuwa fiziks. Ya sami digirin farko a 1944, na biyu kuma a 1945 a fannin nazarin tsarin ƙwayoyin ma'adinai, ƙarƙashin Farfesa R. W. James.

Daga nan ya tafi Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda ya yi bincike a ɗakin gwaje-gwaje na Cavendish ƙarƙashin Otto Frisch, tsakanin 1947 da 1949. A ajin shahararren masanin nan Paul Dirac ya haɗu da wata ɗaliba Ba'amurkiya, Barbara Seavey, wadda ta zama matarsa. Aure yana bukatar abin hannu, shi kuwa ɗalibi ne, saboda haka da tsohuwar jami'arsa ta yi masa tayin aikin koyarwa sai ya karɓa, ya koma Cape Town a 1950 ba tare da ya kammala digirin dokta ba. Har ya bar duniya bai koma ya kammala shi ba. Zan dawo kan wannan batu a gaba, domin akwai abin lura a cikinsa ga masu aiki irin nawa.

Abin da ya juya rayuwarsa ƙaramin al'amari ne. Masanin fiziks da ke aiki a asibitin Groote Schuur na Cape Town, wato asibitin da daga baya Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya a 1967, ya ajiye aiki. Dokar ƙasar kuwa ta wajabta a sami masani da zai riƙa sa ido kan sinadarai masu fitar da haske mai ratsa jiki da ake amfani da su a asibiti. Da yake Cormack ne kaɗai masanin fiziks na nukiliya a birnin, sai aka roƙe shi ya riƙa ba asibitin yini ɗaya da rabi a kowane mako a farkon rabin shekarar 1956, a sashen da Dokta J. Muir Grieve ke shugabanta. Aikin riƙon ƙwarya ne kawai, kuma a zamanin da wariyar launin fata ta raba hatta ɗakunan kwanciyar majinyata. To, a wannan ɗan zama ne ya ga yadda ake tsara gashin ciwon daji, kuma abin da ya gani bai kwanta masa ba.

Bari in ɗan tsaya in bayyana yadda aikin yake. Tun bayan da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, likitoci suka lura cewa hasken yana lalata ƙwayoyin halitta, kuma ƙwayoyin daji da ke yawan hayayyafa sun fi saurin lalacewa. Sai dai hasken bai san abokin gaba ba; duk naman da ya ratsa sai ya bar masa tabo. Saboda haka dabarar ita ce a harbo shi ta kusurwoyi daban-daban, su haɗu a kan ƙarin, ta yadda shi zai sha mafi yawa, lafiyayyen nama kuma ya sha kaɗan. Abin da Cormack ya tarar shi ne ana ɗora taswirorin awo a kan juna, ana zana layuka da hannu, likita ya duba ya ce a gyara, a sake zanawa har a sami abin da ya gamsar. Matsalar kuwa, waɗannan taswirori an yi su ne bisa ɗaukar cewa jikin mutum abu guda ne mai kauri ɗaya, tamkar randa cike da ruwa. Alhali ƙashi yana tare haske sosai, huhu kuwa da yake iska ce ta cika shi yana barin sa ya wuce, kitse da tsoka kowanne da nasa hali. Duk wanda ya yi lissafi bisa zaton jiki ruwa ne zalla, to awonsa zai kauce, ko dai ƙarin ya sami ƙasa da abin da zai kashe shi, ko lafiyayyar gaɓa ta ƙone.

Cormack ya fahimci cewa kafin a gyara tsarin gashi dole a san yadda kowane lungu na cikin jiki ke tare haske, kuma dole daga waje za a auna, tun da ba za a tsaga majinyaci don a duba ba. Hoton eksire na yau da kullum ba zai wadatar ba, domin inuwa ce kawai: duk abin da ke kan hanyar hasken, daga gaba har baya, a wuri ɗaya yake taruwa. Sai ya gane cewa matsalar ta lissafi ce. Mai karatu ya ƙaddara gurabun dara huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, an rufe su, kowanne da 'ya'yan dara a ciki. An gaya maka jimillar layin sama 5 ce, ta layin ƙasa ma 5, ta ɓangaren hagu 3, ta dama 7. Wannan bai isa ka san abin da ke kowane gurbi ba, domin amsa fiye da ɗaya za ta dace. Amma da zarar an ƙara maka cewa jimillar gurbin sama na hagu da na ƙasa na dama 4 ce, amsa ɗaya ce ta rage: 1 da 4 a sama, 2 da 3 a ƙasa. Haka na'urar siti take yi, sai dai gurabunta dubbai ne, kuma kowane zaren haske da ya ratsa jiki jimilla ɗaya yake kawowa. Idan aka tara jimilloli daga kowace kusurwa, lissafi zai fitar da hoton yanki guda na jiki, kamar an gutsure gaɓar rake an duba fuskarta. Hasali ma sunan wannan fasaha a harsunan Turai daga kalmar Girkanci mai ma'anar yanki ya samo asali.

Ya ɗauka cewa tabbas wani masanin lissafi ya riga ya warware wannan matsala, ya bincika littattafai bai samu ba, sai ya zauna ya warware ta da kansa. A tsakiyar 1956 ya tafi hutun bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, inda ya yi aiki da Norman Ramsey da Richard Wilson a kan ƙwayoyin nukiliya, amma tambayar asibitin ba ta bar zuciyarsa ba. Da ya koma Cape Town na ɗan lokaci a 1957 sai ya sa aka ƙera masa samfurin gwaji: dunƙulen alminiyam da aka kewaye da katako. Ya riƙa ratsa shi da siririn haske daga sinadarin kobal-60, yana ƙirga abin da ya fito ta ɗaya gefen. Da ya yi lissafi, sakamakon ya nuna cewa tsakiyar ƙarfen ta bambanta da sauran. Da aka tuntuɓi maƙeran da suka yi aikin, sai ta bayyana cewa sun sa tsantsar alminiyam a tsakiya, suka kewaye shi da gaurayayye. Ma'ana, lissafin ya gano abin da shi kansa mai gwajin bai san yana ciki ba. Ban san wata hujja da ta fi wannan gamsarwa ba ga mai neman tabbatar da cewa awonsa na gaskiya ne.

A shekarar 1957 ɗin ce ya karɓi aiki a Jami'ar Tufts da ke jihar Massachusetts, kuma a can ya ƙare rayuwarsa ta koyarwa. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1966, ya shugabanci sashen fiziks daga 1968 zuwa 1976. Babban aikinsa a can binciken ƙwayoyin nukiliya ne; batun hoton cikin jiki a gefe yake yin sa, lokacin da ya sami sarari. A 1963 ya sake gwaji da samfurin da ya fi kama da kan mutum: zoben alminiyam a matsayin ƙoƙon kai, roba mai tauri a matsayin ƙwaƙwalwa, da faifai biyu na alminiyam a ciki a matsayin ƙari. Kuɗin na'urar gaba ɗaya bai wuce kimanin dala 100 ba, kuma wani ɗalibin digirin farko ne ya taimaka masa da aikin kwamfuta. Ya buga sakamakon a maƙala biyu, a 1963 da 1964, a mujallar Journal of Applied Physics.

Duniya ta yi shiru. Likitoci ba sa karanta mujallar masana fiziks, masana fiziks kuma ba su ga abin da ya haɗa su da asibiti ba. Daga cikin 'yan tsirarun da suka nemi kwafin maƙalar akwai wata cibiya a Suwizalan mai binciken zaftarewar dusar ƙanƙara daga kan duwatsu, wadda ta yi tunanin ko dabarar za ta taimaka wajen auna tulin ƙanƙara. Ban da haka, sai wajen 1970, wato shekara 14 bayan ya fara, ya sami labarin cewa wani masanin lissafi ɗan Ostiriya, Johann Radon, ya warware ainihin wannan matsala tun 1917, ba tare da tunanin asibiti ko majinyaci ba. Cormack bai ɓoye wannan ba. Ya riƙa ambata Radon da sauran waɗanda suka taɓa batun ta fuskoki daban, irin su Ronald Bracewell mai nazarin taurari, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya koma yana zurfafa bincike a kan lissafin Radon ɗin.

Wanda ya mayar da tunanin na'ura mai aiki shi ne Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Ingila, wanda bai san aikin Cormack ba. Ranar 1 ga Oktoba, 1971, aka ɗauki hoton majinyaciya ta farko a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, tare da Dokta James Ambrose, aka kuma ga abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ba tare da an buɗe kai ba. Hoton yanki ɗaya yana cin minti huɗu zuwa biyar a lokacin, kuma gurabunsa 80 sau 80 ne kacal. Cikin 'yan shekaru na'urar ta bazu a manyan asibitocin duniya. A 1979 aka ba Cormack da Hounsfield lambar Nobel a fannin likitanci. Babu likita a cikinsu, babu kuma mai digirin dokta na bincike. A 1990 Amurka ta ba Cormack babbar lambarta ta kimiyya. Ya rasu ranar 7 ga Mayu, 1998, a garin Winchester na Massachusetts, yana da shekara 74, kuma ciwon daji ne ajalinsa. Ya bar 'ya'ya uku. A 2002 Afirka ta Kudu ta karrama shi, bayan rasuwarsa, da lambar Mapungubwe.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, duniya ta rungumi siti ne saboda gano cuta, amma abin da ya sa Cormack ya fara shi ne daidaita magani, kuma burin nasa ya cika. A yau a duk cibiyar gashi ta zamani, matakin farko shi ne a kwantar da majinyaci a ɗauki hoton siti a daidai yanayin da za a riƙa kwantar da shi lokacin gashi. Kowane ɗigo a hoton lamba ce, a ma'aunin da aka sa wa sunan Hounsfield: ruwa 0, iska 1000 ƙasa da sifiri, ƙashi kuma ɗaruruwa zuwa sama da 1000. Kwamfuta ce ke juya waɗannan lambobi zuwa bayanin yadda kowane lungu zai sha haske, likita ya shata iyakar ƙarin da gaɓoɓin da za a kare, masanin fiziks ya lissafa awo. Yawancin majinyata ana raba musu gashin ne kashi-kashi, kwana biyar a mako, har tsawon makonni. Tun 1976 hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da ma'aunin irin wannan haske ta ba da shawarar kada kuskuren awon da ya isa ga ƙari ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Wannan ɗan tazara shi ne filin da duk aikin yake gudana a cikinsa.

Sai dai siti na gargajiya yana da rauni guda. Yadda abu ke tare haske ya dogara ne a kan abu biyu: cunkushewarsa, da kuma irin sinadaran da suka haɗa shi. Saboda haka abubuwa biyu mabambanta suna iya fitowa da lamba ɗaya. Duk wanda ya taɓa sayen shadda a Kantin Kwari ya san dabarar da ake yi: yadi biyu da suka yi kama a ƙarƙashin fitilar shago, sai a fito da su rana a ga bambancinsu. Haka ake yi wa jiki, a haska shi da haske mai ƙarfi biyu ko fiye, a kwatanta. Hounsfield ya yi ishara da wannan tun 1973, Robert Alvarez da Albert Macovski na Jami'ar Stanford suka shimfiɗa lissafinsa a 1976, amma sai a 2005 kamfanin Siemens ya fito da na'ura mai bakin haske biyu da ta shiga asibitoci. A 2021 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar farko mai ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya, tana auna ƙarfin kowace. Amfanin wannan ga gashi shi ne an fi tantance irin naman da haske zai ratsa, an kuma rage dishi-dishin da ƙarfen haƙori ko na ƙugu ke jawowa. Ya fi muhimmanci ga gashi da ƙwayoyin furoton, waɗanda ke tsayawa cak a wani zurfi, inda likitoci suka saba barin rarar kusan kashi 3.5 cikin ɗari saboda rashin tabbas. Cormack kansa ya yi gwajin ɗaukar hoto da furoton a shekarun 1970.

Akwai kuma ja-in-ja a tsakanin inganci da kariya. Siti ɗin kansa haske ne mai ratsa jiki. Na ƙirji guda ɗaya yana iya kai na eksiren ƙirji sau 70. Ga yara, da kuma majinyatan da ake maimaita wa hoto sau da yawa a tsawon magani, rage wannan adadi abin so ne. To amma idan aka rage haske, ƙwayoyin da ke isa ga ma'auni sukan yi kaɗan, hoton ya yi yashi-yashi, lambobin su fara rawa. Raba hasken gida biyu kuma yana ƙara wannan rawar. Masu bincike suna magance ta da sababbin dabarun lissafi, har da ƙirƙirarriyar basira. Amma ta yaya ake sanin cewa hoton da ya yi kyau a ido lambobinsa ma daidai suke? Hanyar ita ce dai ta 1957: a sa samfurin gwaji mai ɗauke da abubuwan da aka san awonsu, a ɗauki hotonsa, a ga ko na'ura za ta faɗi gaskiya. Kowace cibiya dole ta yi wa tata na'urar wannan gwaji, ta kuma riƙa maimaitawa.

Idan mai karatu yana ganin wannan ƙaƙale ne na masana, ya dubi abin da ya faru a Kosta Rika a 1996. An sauya sinadarin kobal a wata na'urar gashi a birnin San José, aka yi kuskure wajen awon farko: an ɗauki kashi 3 cikin 10 na minti a matsayin daƙiƙa 30, alhali daƙiƙa 18 ne. Majinyata 115 suka sha hasken da ya zarce ƙa'ida da fiye da rabi, wasu suka rasa rayukansu. A Panama kuma tsakanin 2000 da 2001, yadda aka shigar da bayanai a kwamfutar tsara gashi ne ya sa majinyata 28 suka sha fiye da kima. A duka biyun na'urori suna aiki, wuta ba ta ɗauke ba. Awo ne ya kauce, kuma ba a sami wanda ya sake dubawa a kan lokaci ba.

Yanzu bari mu dawo gida. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna cewa a Nijeriya an sami sababbin masu cutar kusan dubu 128 a shekarar, kusan dubu 80 kuma suka mutu. Kimanin rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Na'urar siti ta farko ta iso ƙasar nan ne a 1987, a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Shekaru da dama, majinyaci daga Wudil ko Gaya ko Garko da aka ce yana bukatar gashi, Shika ta Zariya ko Sakkwato ko Abuja yake nufa, wani lokaci ma Ikko, ya kama ɗaki ya zauna makonni da mai jinya. An sami ci gaba: a 2020 aka buɗe cibiyar gwaje-gwaje ta hukumar NSIA a Asibitin Malam Aminu Kano, a Janairun 2023 aka ƙaddamar da cibiyar maganin daji ta Giginyu a Kano, a 2025 kuma aka buɗe wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Wannan abin a yaba ne, kuma ba na raina shi.

Abin da nake tsoro shi ne ɗabi'armu ta ƙirga gini da na'ura, mu manta da mai awo. A duk lokacin da aka yanke ƙyalle, ana gaya mana biliyoyin da aka kashe, amma ba a cika gaya mana masana fiziks na asibiti nawa aka ɗauka ba, ko wa zai riƙa gwada na'urar kowace safiya, ko yarjejeniyar gyara ta shekara nawa ce. Waɗannan su ne tambayoyin da 'yan majalisa da 'yan jarida da mu masu zuwa da 'yan uwanmu ya kamata mu riƙa yi. Ƙasar nan tana da hukumar sa ido kan harkokin nukiliya wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001. Kada mu manta cewa irin wannan doka ce ta kai Cormack asibiti tun farko; da an yi mata riƙon sakainar kashi, da bai ga abin da ya gani ba.

Akwai darasi kuma ga jami'o'inmu. A nan Wudil muna da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022. Ga Bayero a Kano, ga cibiyar binciken makamashi ta Zariya mai tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Duk shekara ana yaye ɗaliban fiziks da lissafi, da yawansu kuma suna ɗaukar cewa rashin samun gurbin likitanci ne ya jefa su can. Ya kamata su san cewa asibiti yana da kujerarsu. Ina ganin babu abin da zai hana sassan fiziks su ƙulla yarjejeniya da cibiyoyin daji, malami ya riƙa ba da yini ɗaya ko biyu a mako, ɗalibai su yi aikin kammala karatu a kan gwajin na'urori. Haka kuma mu malamai mu tambayi kanmu: a tsarin da ke auna mutum da yawan maƙalu da yawan waɗanda suka ambace su, ina makomar malamin da ba shi da digirin dokta, wanda ya yi shekara bakwai kafin ya fitar da maƙala biyu da kusan ba wanda ya kula da su? Ba ina cewa digiri ba shi da amfani ba ne, ina cewa ma'aunin namu ma yana bukatar a gwada shi.

Daga ƙarshe, ga abin da ya shafi fannina. Aikin Cormack ya kwanta shekaru ne saboda an rubuta shi da harshen da masu bukatarsa ba sa ji. Mu ma muna da irin wannan giɓi tsakanin likita da majinyaci. Kalmar gashi da muke amfani da ita, ita ce dai ake faɗa wa mai zuwa gashin ƙashi, wasu kuma suna cewa za a ƙona ciwon, abin da ke sa majinyaci ya zaci wuta za a sa masa, ya gudu wurin mai magani har cutar ta ci ƙarfinsa. Wanda bai fahimci dalilin da ya sa aka yi masa alama a fata ba, ko dalilin da ya sa dole ya kwanta yadda ya kwanta ranar hoto, zai iya goge alamar ko ya motsa, lissafin makonni ya lalace. Aiki ne a kan masana Hausa da likitoci su zauna su daidaita waɗannan kalmomi, a buga su, a yaɗa su a gidajen rediyo. Na'ura daga waje za mu ci gaba da sayo ta, amma mai awo da mai bayani a nan za mu rene su. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.